Karkarwar Ijesha: Ciwon Jijiyoyi Mai Zuwa Da Damina

A ƙasar Ijesha da wasu sassa na ƙasar Yarabawa, can kudu maso yammacin Nijeriya, an daɗe da sanin wani ciwo mai ban al'ajabi wanda ba ya bayyana sai da damina, musamman tsakanin watan Yuli da watan Oktoba. Mutum zai ci abincinsa lafiya lau, bayan 'yan sa'o'i sai jiki ya ɗauki karkarwa. In ya miƙa hannu zai ɗauki moɗa sai hannun ya kama kaɗawa, kuma yana ƙara kusantar moɗar kaɗawar tana ƙaruwa. In ya miƙe tsaye sai ya yi ta tangaɗi kamar wanda ya bugu, alhali kuwa bai sha komai ba. Harshe kan yi nauyi, magana ta sarƙe, ƙwayar ido ta riƙa rawa ita kaɗai, wasu ma har hankalinsu ya gushe. Cikin 'yan makonni sai ka ga an kwantar da mutane da dama daga gari guda, galibinsu talakawa. Da ruwa ya ɗauke sai ciwon ya yi ɓatan dabo, sai kuma wata daminar.

Likitoci sun yi wa wannan ciwo laƙabi da karkarwar Ijesha, a littattafansu kuma suna kiransa da sunan da za mu fassara da tangaɗin damina. Ciwo ne da ba kasafai ake jin labarinsa a wajen wannan yanki ba. Duk da haka ya cancanci ɗalibin ilmin halittu ya san shi, domin kuwa a cikinsa ne darussa biyu da muke koyarwa a aji daban-daban, watau darasin bitamin da darasin enzayim, suka haɗu a jikin mutum guda.

Zaton farko

A shekarar 1958 wasu likitoci biyu, Wright da Morley, suka bayar da rahoton ciwon daga Ilesha a mujallar likitanci ta The Lancet. Sunan da suka ba shi yana nufin kumburin ƙwaƙwalwa mai sa karkarwa, watau sun karkata ga cewa wata ƙwayar cuta ce ke shiga ƙwaƙwalwa. Bai kamata mu ga wautarsu ba. Ciwon da ke zuwa da damina, ya kama mutane da yawa a lokaci guda, kuma ya taɓa ƙwaƙwalwa, kowa zai fara zargin sauro ne, tun da akwai ƙwayoyin bairas da dama da sauro ke yaɗawa masu kumbura ƙwaƙwalwa. Sai dai an yi ta nema ba a kama wata ƙwayar cuta da za a ɗora wa laifi ba. Wasu kuma suka zargi guba a cikin abinci, ganin cewa ciwon kan tashi ne bayan an ci abinci. Haka aka yi ta tafiya fiye da shekara 30.

Wanda ya warware ƙullin shi ne Bola Adamolekun, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, a farkon shekarun 1990. Ya lura cewa alamomin ciwon sun yi kama ƙwarai da na wata cuta da aka sani a Turai tun ƙarni na 19, wadda rashin bitamin B1 ke haddasawa. Kafin mu ga yadda ya tabbatar da zatonsa, dole mu koma baya mu san wannan bitamin.

Kajin Jawa

Cutar da ta fara kai masana ga bitamin B1 ita ce beriberi. Kada ɗalibanmu Fulani su yi murnar samun abin tsokanar abokan wasansu, sunan ba shi da wata dangantaka da Barebarin Borno. Kalma ce daga nahiyar Asiya, an fi danganta ta da harshen Sinhala na ƙasar Siri Lanka, inda take nuni ga matsanancin rauni. Cutar takan kashe ƙafafu, ta sa kumburi, wani lokaci ta kama zuciya ta kashe mutum. Ta yi ɓarna ƙwarai a Asiya a ƙarni na 19, lokacin da injinan casar shinkafa suka yaɗu, jama'a suka koma cin farar shinkafa tas wadda aka goge mata dusa.

Gwamnatin Holan ta aika da wani likita mai suna Christiaan Eijkman zuwa tsibirin Jawa, a ƙasar Indonesiya ta yau, don a nemo ƙwayar cutar da ake zaton ita ke kawo beriberi. Wajen shekarar 1890 sai kajin da yake kiwo a ɗakin bincikensa suka kama tangaɗi, ƙafafunsu suka mutu, kamar dai masu beriberi. Bayan 'yan watanni kuma suka warke ba tare da an ba su magani ba. Da ya bi diddigi sai ya gano cewa a watannin da suka yi ciwo, ana ba su ragowar dafaffiyar farar shinkafa ce daga asibitin soja. Da aka sauya kuku, sabon ya ƙi yarda a ba kajin da ba na soja ba shinkafar soja, sai aka koma ba su shinkafa mai dusa, suka miƙe. Taurin kan kuku guda ya yi wa kimiyya hidimar da madubin ƙara girman abu bai yi ba.

To, amma Eijkman ya fassara abin da ya gani da cewa akwai guba a cikin farar shinkafa, dusa kuma tana ɗauke da makarinta. Wanda ya gaje shi, Gerrit Grijns, shi ne ya ce a 1901 babu wata guba, wani abu ne da jiki ke buƙata yake cikin dusar, in an cire shi sai jijiyoyi su lalace. Grijns ne ke da gaskiya. A 1912 Casimir Funk ya ƙirƙiro kalmar da ta zama bitamin, a 1926 Jansen da Donath suka tace sinadarin daga dusar shinkafa a can Jawa, a 1936 kuma Robert Williams na Amurka ya haɗa shi a ɗakin bincike. Sunansa na kimiyya tiyamin. Ina so mai karatu ya riƙe wannan gardama ta guba ko rashi, domin za mu sake cin karo da ita a Ijesha.

Aikin tiyamin a jiki

Duk abinci mai sitaci da muka ci, ko tuwo ne, ko doya, ko garin rogo, jiki kan narkar da shi ya koma sukarin da ake kira gulukos. Gulukos shi ne man da ƙwayoyin halittar jiki ke ƙonawa su sami ƙarfi. Ƙonawar kuwa hawa biyu ce. A hawan farko ana raba gulukos gida biyu, a sami wani sinadari mai suna fairubet, da ɗan ƙarfi kaɗan. A hawa na biyu ne ake shigar da fairubet cikin wasu 'yan ɗakuna na ƙwayar halitta da ake kira maitokondiriya, inda ake ƙone shi ƙurmus a fitar da mafi yawan ƙarfin. Idan muka auna da ATP, watau kuɗin da ƙwayar halitta ke kashewa wajen ayyukanta, hawan farko guda 2 kacal yake bayarwa daga kowane gulukos, amma in an kammala hawa biyun ana samun kimanin 30.

Enzayim ɗin da ke tsaron ƙofar hawa na biyu ba ya iya aiki sai da tiyamin. Haka ma wani enzayim da ke can tsakiyar hawan, da wani na uku mai suna tiransketolas da ke wata hanyar sarrafa sukari. Mu ɗauki misalin babur. Ko an cika tanki maƙil da fetur, in babu fulogi ba zai tashi ba. Fulogi ɗan ƙaramin abu ne, kuma ba shi ake ƙonawa ba, amma sai da shi fetur ke da amfani. In tiyamin ya yi ƙaranci sai fairubet ya taru a bakin ƙofa, ya juye ya zama asid na laktik, wanda taruwarsa ke cutar da naman da yake ciki.

Abin da babban mutum ke buƙata a rana bai wuce miligiram 1.1 zuwa 1.2 ba, mai juna biyu kuma wajen 1.4. Matsalar ita ce jiki ba shi da rumbun ajiyar wannan bitamin. Bitamin A, alal misali, hanta kan adana wanda zai isa watanni. Tiyamin kuwa yana narkewa a ruwa, rarar da aka ci takan fita ta fitsari, kuma duk abin da ke jikin babban mutum bai fi miligiram 30 ba. In aka daina samu, cikin mako 2 zuwa 3 ya kusa ƙarewa. Bugu da ƙari, buƙatar tana hawa ne daidai da yawan sitacin da aka ci. Wanda duk abincinsa rogo ne ya fi mai cin wake da gyaɗa buƙatar tiyamin, ga shi kuwa garin rogo yana cikin abincin da suka fi ƙarancinsa.

Me ya sa ƙwaƙwalwa ce ke fara kokawa? Nauyinta bai fi kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki ba, amma tana cinye wajen kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke kashewa in ana hutawa, kuma kusan kacokan da gulukos ta dogara. A cikinta ma akwai sassan da suka fi saurin galabaita. Ɗaya daga cikinsu shi ne ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, wadda ake kira sarabelam. Girmanta kimanin kashi 10 cikin 100 ne na ƙwaƙwalwa, amma fiye da rabin ƙwayoyin jijiyoyin saƙo na ƙwaƙwalwa duk a cikinta suke. Umurnin motsi daga wani sashe yake fitowa, ita aikinta daidaitawa. In ka miƙa hannu za ka ɗauki alƙalami, ita ke kwatanta inda hannun yake da inda ake so ya je, tana gyara tafiyarsa ba tare da ka sani ba. In ta kasa, sai hannun ya zarce, a dawo da shi ya sake zarcewa ta ɗaya gefen. Wannan ita ce karkarwar da ke ƙaruwa in an kusanci moɗa, kuma ta bambanta da ta cutar Fakinsan, wadda ta fi tsanani lokacin da hannu ke ajiye.

Cutar Wernicke

A 1881 wani likita Bajamushe, Carl Wernicke, ya bayyana marasa lafiya 3 da suka rasu da alamomi iri ɗaya: ruɗewar hankali, da tangaɗi, da matsalar motsin ido. Biyu maza ne mashaya giya, ta ukun kuwa wata matashiya ce da ta sha asid, mafitar cikinta ta ƙuntace, ta yi ta amai. Da ya duba ƙwaƙwalwarsu sai ya ga ɗigo-ɗigon jini a can tsakiyarta. Abin sha'awa, shi ma sunan kumburin ƙwaƙwalwa ya ba cutar, kamar yadda aka yi a Ilesha shekara 77 bayan haka. Sai a shekarun 1930 da 1940 aka tabbatar cewa rashin tiyamin ne. Babbar shaida ta fito daga sansanin fursunonin yaƙi na Changi a Singafo lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda aka riƙa ciyar da sojojin da Japan ta kama da farar shinkafa. Likitoci biyu daga cikin fursunonin, de Wardener da Lennox, sun buga bayanin mutum 52 da cutar ta kama a 1947.

In aka yi jinkirin magani, cutar takan kashe, ko kuwa ta bar mutum da wata larura da ake kira da sunan likitan Rasha Sergei Korsakoff. Mai wannan larura zai tuna ƙuruciyarsa, amma ba zai iya riƙe sabon abu ba. Za ku gaisa, ka fita ka dawo bayan minti 10, ya karɓe ka kamar baƙo. In ka tambaye shi inda ya je jiya sai ya shirya maka labari tsaf, ba da nufin ƙarya ba, ƙwaƙwalwar ce ke cike gurbin da ta rasa. Wannan lalacewa sau da yawa ba ta gyaruwa.

Ana cewa cutar Wernicke ba ta da yawa, amma a ganina wani ɓangare na ƙarancin nata rashin ganewa ne. A 1986 Clive Harper da abokan aikinsa a birnin Perth na Ostareliya sun duba bayanan mutum 131 da binciken gawa ya tabbatar suna da cutar. Kashi 16 cikin 100 ne kawai suka nuna alamomin nan uku gaba ɗaya, kuma kashi 80 cikin 100 ba a gane cutarsu ba sai bayan sun mutu. In haka ta faru a asibitocin da ke da kayan aiki, mai karatu ya auna da kansa abin da zai faru a ƙaramin asibitin ƙauye. Ostareliya ta wajabta zuba tiyamin a cikin fulawar burodi tun daga 1991.

Komawa Ijesha

Da wannan sani ne Adamolekun ya yi zaton cewa tangaɗin damina wani nau'i ne na cutar Wernicke mai zuwa farat ɗaya. Amma zato ba hujja ba ne, kuma akwai tarko a nan. Mutane da yawa ciwon kan lafa musu da kansa bayan wasu kwanaki, saboda haka duk abin da aka ba su, ko saiwa ce ko allura, za a ce shi ya yi magani. Hanyar kauce wa wannan tarko ita ce a raba marasa lafiya gida biyu, a ba kashi ɗaya tiyamin, ɗaya kashin kuma a ba su ƙwaya mai kama da shi wadda babu magani a cikinta, ba tare da mara lafiya ko likitan da ke duba shi ya san wa ya sami wanne ba sai an gama. Haka shi da abokan aikinsa suka yi, suka buga sakamakon a mujallar Neurology a 1994. Waɗanda suka sami tiyamin sun riga sauran warkewa, cikin 'yan kwanaki.

Saura tambaya mai wuya. Talakan Ijesha yana cin rogo da doya rani da damina, me ya sa ciwon ba ya zuwa sai da damina? Kuma rashin bitamin a hankali yake cin mutum, ta yaya za a ce ya kayar da mutum 'yan sa'o'i bayan cin abinci? Lallai akwai wani abu da ke shigowa da damina.

Abin ya zamana tsutsa ce. Akwai wani nau'in malam-buɗe-littafi mai yawon dare da masana ke kira Anaphe venata, wanda tsutsotsinsa ke cin ganyen itacen obeche, wanda Yarabawa ke kira arere. Tsutsotsin suna tafiya ne a ayari, kuma in lokacin rikiɗarsu ya yi sai su haɗu su saƙa gida guda na siliki su shige. Da damina ake samunsu, a gasa a kai kasuwa, masu ƙaramin ƙarfi su saya su sa a miya a madadin nama. A 1993 Adamolekun ya nuna a The Lancet cewa lokacin ciwon da yankinsa sun dace da lokaci da yankin da ake cin wannan tsutsa. Da annobar ta ɓarke a garin Ikare na Jihar Ondo, binciken da aka buga a 1994 ya nuna cewa marasa lafiyar sun ci gasasshiyar tsutsar a abincin da ya gabaci tashin ciwon.

Bahaushe ma ya san dangin wannan tsutsa, ko da yake ta fuskar sutura. Zaren tsamiya da ake aikin babbar riga da shi daga gidan wata 'yar uwarta ake samunsa, wadda ake samu a jikin itacen tsamiya, daga nan ne ma zaren ya samo sunansa. Haka kuma tufar sanyan ta Yarabawa, wadda ake sawa ranar biki, daga silikin Anaphe ake saƙa ta.

Mene ne a cikin tsutsar? Amsar ta zo daga Japan a shekarar 2000, lokacin da Nishimune da abokan aikinsa suka buga bincikensu a mujallar Journal of Nutrition. Sun sami wani enzayim mai suna tiyaminas a jikin Anaphe. Ginin tiyamin zobe biyu ne da wata 'yar gada a tsakaninsu, shi kuwa tiyaminas aikinsa ya datse gadar nan, sai zobban su rabu su zama ba su da amfani. Da yake enzayim ba ya ƙarewa wajen aiki, guda ɗaya kan datse tiyamin bayan tiyamin.

Tiyaminas ba baƙo ba ne ga masana. A shekarun 1930, a jihar Minesota ta Amurka, wasu dabbobi dangin yanyawa da ake kiwo don fatarsu sun yi ta shanyewa suna mutuwa, daga baya aka gano ɗanyen kifin da ake ba su ne ke ɗauke da shi. Amma na kifi dahuwa kan kashe shi, shi ya sa mai cin dafaffen kifi ba shi da fargaba. Na Anaphe kuwa mai jure zafi ne. Mafi yawan enzayim na jikinmu sun fi aiki a wajen digiri 37 a ma'aunin Selsiyos, in zafi ya wuce haka da yawa sai siffarsu ta wargaje. Wannan kuwa a wajen digiri 70 ne ma ya fi ƙarfin aiki. Ke nan gashi na sama-sama ba zai kashe shi ba.

Yanzu sai mu jera abin yadda yake faruwa. Ga mutum wanda tun asali tiyamin ɗin jikinsa a bakin gaɓa yake, saboda abincinsa kusan duk sitaci ne, ga shi kuma damina ce, lokacin da tsohon amfanin gona ya ƙare sabo bai iso ba. Ya zauna ya ci teba ko sakwara mai yawa, wadda za ta tura gulukos cikin jini ta ɗaga buƙatar tiyamin, da miyar da ke ɗauke da enzayim mai lalata tiyamin. Buƙata ta hau, guzuri ya faɗi, duk a zama guda. Wanda ke samun wake da nama da gyaɗa a kai a kai yana da ɗan abin da zai jure da shi, shi ya sa ciwon ya fi kama talaka. A nan sai mu ga gardamar Eijkman da Grijns ta sami wata fuska. A Jawa rashi ne kawai. A Ijesha akwai guba, sai dai guba ce wadda duk aikinta shi ne ta haddasa rashi.

Saboda haka ban ga hikimar a tsaya ga cewa mutane su daina cin tsutsa ba. Wanda ya sayi tsutsa don ba shi da kuɗin nama, in ka hana shi ka raba shi da furotin ɗin da yake samu, kuma ka bar shi da ƙarancin tiyamin ɗin da tun farko ya sa shi cikin haɗari. Gyaran ya haɗa da dafa tsutsar ta dahu sosai, da samar da tiyamin a asibitocin yankin kafin damina, da sa wake da gyaɗa cikin abincin yau da kullum. Masu cin fara da shinge a ƙasarmu kuma su kwantar da hankalinsu, binciken nan a kan Anaphe aka yi shi.

Kada kuma a rikita wannan ciwo da wani tangaɗin da Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan ya yi bincike a kansa a shekarun 1960. Wancan a hankali yake shiga cikin shekaru, yakan taɓa gani da ji, kuma an danganta shi da gubar sayanaid da ke cikin rogon da ba a sarrafa da kyau ba.

Abin da ya shafe mu

Ƙasar Hausa ta yi sa'a ta wannan fuska, domin gero da dawa da wake da gyaɗa duk suna da tiyamin. Sai dai mafi yawansa a dusa da ƙwayar tsiron hatsi yake, don haka surfe mai tsanani kan kai shi akurkin kaji da turken awaki. Shinkafar gida da ake turarawa da ɓawonta kafin a cashe ta ta fi farar da ba a turara ba, domin turarawar kan tura bitamin daga dusa zuwa cikin ƙwayar. Wanke shinkafa sau da yawa da tsiyaye ruwan dahuwarta su ma asara ce. Sai kuma kanwa. Tiyamin ba ya jure sinadari mai kaifin kanwa, musamman a kan wuta, don haka waken da aka cika wa kanwa don ya yi saurin nuna ya rasa wani kaso na bitamin ɗinsa. Jiƙa wake tun da dare ya fi.

Haɗarin da ya fi kusa da gidajenmu shi ne na mai juna biyu wadda laulayi ya yi wa tsanani, tana amai mako da makonni, ba abin da ke zama a cikinta. Mu tuna ajiyar jiki ta mako 2 zuwa 3 ce, kuma ita buƙatarta ta fi ta kowa. Halinta ɗaya da matashiyar nan ta Wernicke. Abin da aka saba yi kuwa shi ne a kira wani ya zo gida ya yi mata ƙarin ruwa, ko a kai ta kemis. In ruwan mai gulukos ne kuma ba a haɗa da tiyamin ba, zai iya cinye ɗan abin da ya rage ya tayar da cutar, kamar yadda tebar nan ta yi a Ikare. Shi ya sa ƙa'idar likitoci ita ce a ba irin wannan mara lafiya tiyamin ta allura kafin gulukos ko tare da shi. In aka ga mai irin wannan amai ta fara ruɗewa, ko gani biyu-biyu, ko idonta na rawa, ko tana tangaɗi, ko da ɗaya ce daga cikin alamomin, a garzaya da ita babban asibiti a ranar, kuma a gaya wa likita tsawon kwanakin da ta yi ba ta ci ba. Ba aikin iska ba ne, kuma kwana guda yana iya zama bambanci tsakanin warkewa sarai da rasa tunani har abada. Wannan gargaɗi ya haɗa da mashayin giya, domin barasa tana hana hanji tsotsar tiyamin, da wanda ya daɗe cikin yunwa aka fara ciyar da shi.

Masu kiwon ragon layya su ma abin ya shafe su. Dabbobi masu tuƙa ba su dogara da tiyamin na abinci ba, ƙwayoyin bakteriya da ke tumbinsu ne ke haɗa musu. In aka ɗauke rago daga ciyawa aka ɗora shi kan hatsi mai yawa dare ɗaya don ya yi saurin ƙiba, yanayin tumbin kan sauya, bakteriya masu fitar da tiyaminas su yi rinjaye. Sai ka ga rago ya makance, yana zagaye, yana danna kai jikin bango, ko ya ɗage kai baya kamar mai kallon taurari. In likitan dabbobi ya yi masa allurar tiyamin da wuri sau da yawa yakan miƙe. A riƙa ƙara hatsin kaɗan-kaɗan, kuma kada a yanke masa harawa.

Don aji

Malami zai iya nuna aikin ƙaramar ƙwaƙwalwa ba tare da kayan aiki ba. Ɗalibi ya taɓa hancinsa da ɗan yatsa, sa'an nan ya taɓa yatsan abokinsa da ke gabansa, ya yi ta maimaitawa da sauri, abokin yana sauya wa yatsan wuri. Sa'an nan ya yi tafiya a kan layin da aka ja da alli, diddige na taɓa yatsun ɗaya ƙafar. Waɗannan su ne gwaje-gwajen da likita ke yi wa mai tangaɗi a asibiti.

Don nuna abin da zafi ke yi wa enzayim kuwa, a dama sitaci kaɗan a ruwan zafi ya yi tsararo, a bar shi ya huce, a zuba a kwalaben gwaji 3. Ta farko a bar ta haka. Ta biyu a zuba mata yawu. Ta uku a zuba mata yawun da aka tsarma da ruwa aka tafasa na minti 5. A ajiye su cikin ruwa mai ɗumin jiki na minti 20, sa'an nan a ɗiga wa kowace aidin. Ta farko da ta uku za su yi shuɗi mai duhu, domin sitacinsu na nan, ta biyu kuwa ba za ta yi ba, domin enzayim na yawu ya narkar da shi. Daga nan sai malami ya tambayi aji su zana a takarda yadda ƙarfin aikin enzayim na yawu ke hawa da sauka daga digiri 0 zuwa 100, sa'an nan su zana na tsutsar Anaphe a kan takardar guda, ƙololuwarsa a digiri 70.